Idan Alƙalami Ya Cije: Dabarun Mawallafa Na Farfaɗo Da Basira

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka karanta a wajen wani zama na masu sha'awar rubutun Hausa mazauna biranen kudu. An buga shi nan domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



A cikin akwatunan 'yan Arewa da yawa da ke zaune a Ikko da Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal, can ƙarƙashin tufafin Salla, akwai wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Mai shi ya saye shi ne ran da zuciyarsa ta cika da wani labari, ko wata waƙa, ko tarihin yadda ya baro gida. Ya zauna dare biyu ko uku, ya cika shafi goma, sa'an nan alƙalami ya cije. Bayan mako guda ya sake ɗaukowa, ya karanta abin da ya rubuta, kunya ta kama shi, ya mayar. Yau ga shi an yi shekaru, har tawadar ta fara koɗewa. In aka tambaye shi sai ya ce ai dama Allah bai ba shi basirar talifi ba. Wani ma har yakan yi zargin ko hannu aka sa masa.

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a nuna wa mai wannan littafi cewa abin da ya same shi ya sami waɗanda suka fi shi, kuma sun bar bayanin yadda suka fita. Abin da za a gani cikin labarinsu shi ne, cijewar alƙalami ba ciwo ɗaya ba ne. Dalilansa uku ne manya, kowanne da maganinsa, kuma wanda ya sha maganin da ba na ciwonsa ba, wahala kawai ya ƙara wa kansa.

Ciwon tsoho ne

Turawa ba su laƙaba wa wannan matsala suna na musamman ba sai a shekarar 1947, sa'ad da wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Edmund Bergler, mutumin Ostiriya da ya koma Amurka da zama, ya kira ta da sunan da ke nufin toshewar marubuci. Amma malaman Larabawa sun riga su magana a kanta da fiye da shekara dubu. Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a shekarar 889, ya kawo cikin littafinsa na tarihin sha'irai cewa Farazdaƙ, ɗaya daga cikin manyan sha'iran zamanin Banu Umayya, ya faɗa da bakinsa cewa akwai sa'ar da a cire masa haƙori ya fi masa sauƙi da ya tsara baiti ɗaya. A ƙarni na 11 kuma Ibn Rashiƙ na birnin Ƙairawan ya keɓe babi sukutum cikin littafinsa Al-Umda, domin bayanin yadda sha'iri zai wasa basirarsa idan ta dakushe.

A zamanin nan ma haka abin yake. Najib Mahfuz na Masar, wanda ya sami lambar Nobel a shekarar 1988, ya gama mashahurin littafinsa mai juzu'i uku a shekarar 1952, shekarar da sojoji suka kawar da sarautar Sarki Faruƙ. Daga nan ya yi wajen shekara biyar bai rubuta ƙagaggen labari ko ɗaya ba. Chinua Achebe kuwa, tsakanin dogon labarinsa na huɗu da ya fito a shekarar 1966 da na biyar da ya fito a 1987, shekara 21 ke nan. To, in waɗannan sun yi shiru kuma ba a ce ba su da basira ba, don me mai shafi goma zai yanke wa kansa hukunci?

Kowa ya girma a karkara ya san hanyoyi uku da rijiya ke hana ruwa. Wani lokaci ruwan ne ya ja ƙasa, sai an ƙara haƙa. Wani lokaci an kwashe shi ne tun da rana, sai a bar ta ta kwana ta tsattsafo. Wani lokaci kuwa ruwa na nan maƙil, rijiya ta bayar, guga ya hana. Haka basirar mawallafi take.

Na farko: ruwa ya ja ƙasa

Mafi yawan masu fara rubutu sun ɗauka cewa dukkan abin da za su rubuta dole daga cikin kansu kaɗai zai fito. Shafi goman nan na farko, abin da suka tara ne tun suna yara. Da ya ƙare sai su tsaya suna jiran wani abu ya sauko musu, alhali kuwa babu abin da suka ƙara zubawa.

Labarin Alhaji Abubakar Imam ya isa misali. A shekarar 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. A shekarar 1936 aka ɗauko Imam daga Makarantar Midil ta Katsina, inda yake koyarwa, aka kawo shi Zariya na wata shida domin ya rubuta littafin karatu. Ba a ba shi farar takarda kawai aka rufe masa ƙofa ba. An tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da na Turawa da na Indiya, irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin da Grimm biyu suka tara a Jamus. Ya karanta, ya narkar, ya sake musu tufafi da suna da gari da karin magana, har Bahaushe ya karanta ya rantse a ƙofar gidansu aka yi abin. Cikin wata shidan nan aka sami Magana Jari Ce, juzu'i uku, wanda har yau ba a daina karantawa ba. Da Imam ya ce shi ba zai duba littafin kowa ba sai abin da ya faɗo masa, da wuya wata shida su ishe shi juzu'i ɗaya.

Ibn Khaldun ya riga ya shimfiɗa wannan ƙa'ida cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a shekarar 1377. Ya ce sharaɗin farko ga mai son tsara waƙa shi ne ya haddace waƙoƙi masu yawa daga na gwanaye, har salonsu ya zauna masa a zuciya, sa'an nan ya yi ƙoƙarin mance lafazinsu domin kada ya riƙa maimaita su. Ana ba da labarin cewa haka aka yi wa Abu Nuwas yana yaro: malaminsa ya hana shi tsara waƙa sai da ya haddace dubu, da ya haddace kuma ya hana shi sai da ya mance su. Abin nufi, aro daban, sata daban. Mai aro yakan ci ya narkar, abin ya zama jininsa. Ɓarawo kuwa ɗauka yake yi ɗungurungum ya goge sunan mai shi.

Malaman ƙasar Hausa suna da wasu ƙofofi biyu da mai cijajjen alƙalami zai iya shiga ta cikinsu, watau fassara da tahamisi. Waƙar nan Tabbat Haƙiƙa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ya tsara ta da Fillanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, watau ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu. Wanda ya zauna yana fassara ko yana tahamisi ba ya fuskantar farar takarda, domin an riga an ba shi kari da amsa-amo da manufa. Hannunsa na tafiya, kunnensa na koyo, kuma sau da yawa a tsakiyar aikin wani ne nasa zai faɗo masa.

Ba littafi kaɗai ke ƙara wa rijiya zurfi ba, har da tambaya. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a shekarar 1858, ya yi zama a Salaga, daga baya ya koma Kete-Kraci a ƙasar Gana ta yau, inda ya rasu a shekarar 1934. Shi ma baƙo ne a ƙasar kurmi. Ban da waƙoƙinsa, ya bar rubutu mai yawa na zube a kan zaman Hausawa da sana'o'insu da tarihinsu, kuma babban dalilin wannan rubutu shi ne wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich da ke koyon Hausa a wurinsa, yana roƙonsa ya rubuta masa yadda ake abu kaza da abu kaza. Sanin yana cikin Alhaji Umaru tun da daɗewa, tambaya ce ta fito da shi. Saboda haka wanda labarinsa ya tsaya, ya rubuta wa kansa tambayoyi: mutumin nan da ke cikin labarin, wa ya sauke shi ran da ya iso? Me ya ci a daren farko? Nawa ne a aljihunsa? Wa yake jin tsoron ya gamu da shi? In bai san amsa ba, ga kara, ga zango, ga tashar mota, ga rumfar masu goro. Ya je ya zauna, ya kasa kunne, da ɗan ƙaramin littafi a aljihu.

Na biyu: an kwashe ruwan tun da rana

Dalili na biyu shi ne gajiya da rashin zaɓen lokaci, kuma shi ya fi damun mazauna birane. Mutum ya fita tun duku-duku, ya yini a kasuwa ko ofis ko bakin ƙofar da yake gadi, ya sha cunkoson mota, ya dawo ɗakin da suke su huɗu, sa'an nan ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya ɗauki alƙalami. In bai rubuta kome ba, laifin ba na basira ba ne.

Bishr ɗan Mu'utamir, malamin Bagadaza da ya rasu a shekarar 825, ya rubuta wata 'yar takarda ta nasiha wadda Jahiz ya adana cikin littafinsa Al-Bayan wat-Tabyin. Ya ce mutum ya nemi sa'ar da yake da nishaɗi kuma zuciyarsa ba ta ɗauke da kome, domin kaɗan ɗin da zai samu a wannan sa'a ya fi abin da zai samu a yini guda na kokawa. In kuwa ya gwada magana ta ƙi zuwa, kada ya yi garaje, kada ya ƙosa, ya bar ta yini ɗaya da dare ɗaya, sa'an nan ya komo. Abu Tammam ma, cikin wasiyyarsa ga almajirinsa Buhturi, lokacin asuba ya zaɓa masa, bayan jiki ya sami rabonsa na barci. Ibn Khaldun ya ƙara da cewa a nemi kaɗaici, da wurin da ido zai ga ruwa ko furanni, kuma kada ciki ya cika da abinci.

Binciken zamani ya gaskata su. A shekarar 2004 masana a Jami'ar Lubek ta Jamus sun ba mutane wani aikin lissafi mai ɓoyayyar gajeriyar hanya. Waɗanda suka yi barcin sa'a takwas kafin su komo ga aikin, yawan masu gano hanyar a cikinsu ya ninka na waɗanda ba su yi barci ba fiye da sau biyu. Ashe ƙwaƙwalwa ba ta ajiye aiki don mai ita ya kwanta.

Bayan barci sai tafiya. An ruwaito cewa idan waƙa ta yi wa Farazdaƙ gardama, sai ya hau taguwarsa ya shiga kwazazzabai da kufai shi kaɗai. Kusayyir ma da aka tambaye shi, kewaya kufai da wuraren da ciyawa ta yi kore ya ambata. Jarir shi kuwa dare yake jira, ya kunna fitila ya keɓe, wani lokaci ya hau soro ya kwanta ya lulluɓe kansa. A shekarar 2014 masu bincike biyu a Jami'ar Stanford ta Amurka, Marily Oppezzo da Daniel Schwartz, sun gwada mutane a zaune da kuma a tafe, suka tarar yawan sababbin dabarun da mutum ke kawowa yakan ƙaru da wajen kashi 60 cikin ɗari idan yana tafiya, ko da a cikin ɗaki ne yana kallon bango. Sai dai sun lura tafiyar ba ta taimaka ba wajen tambayar da ke da amsa ɗaya tak. Watau tafiya ta neman dabara ce, gyaran jimla kuwa sai a zaune. Mazaunin Ikko ba shi da taguwa, amma yana iya sauka mota tun kafin tasharsa, ya ƙarasa da ƙafa yana juya labarinsa a zuci.

A nan wani zai ce, to, ashe sai a yi ta jira har nishaɗi ya zo? Amsa tana wurin wani Baturen Ingila, Anthony Trollope, wanda ya yi aikin gidan waya daga 1834 zuwa 1867, kuma duk da haka ya bar ƙagaggun labarai 47. Ya bayyana cikin tarihin rayuwarsa cewa ƙarfe biyar da rabi na asuba yake zama a teburinsa. Akwai wani tsoho mai yi masa hidima wanda yake ƙara wa fam biyar a shekara domin ya tashe shi ya kawo masa gahawa. Rabin sa'a na farko yakan karanta abin da ya rubuta jiya, sa'an nan ya ajiye agogo a gabansa, ya ɗora wa kansa kalma 250 a kowane minti goma sha biyar, kafin lokacin fita aiki ya yi. Buchi Emecheta, 'yar Nijeriya da ta tafi Landan a shekarar 1962, ta yi renon 'ya'ya biyar ita kaɗai, tana aiki, tana karatu, kuma da sassafe take rubutu kafin yaran su tashi.

Babu saɓani tsakanin Bishr da Trollope. Bishr bai ce a bar aiki shekara biyar ba, yini da dare ya ce. Trollope kuma bai zauna a lokacin gajiya ba, sa'ar da Abu Tammam ya zaɓa ita ya zaɓa. Dukansu abu ɗaya suke faɗi: a ware sa'a mai kyau, a riƙa zuwa mata kullum. Wanda ke tashi sallar Asuba ya riga ya sami abin da Trollope ke biyan fam biyar a kansa. In ya ɗauki rabin sa'a bayan salla ya rubuta shafi ɗaya, a shekara ya tara shafi fiye da 300. Da yayyafi kogi kan cika.

Akwai wata dabara ta Ernest Hemingway, marubucin Amurka da ya sami lambar Nobel a shekarar 1954. Shi ba ya tashi daga aiki sa'ad da magana ta ƙare masa. Yakan tashi ne tun yana sane da abin da zai biyo baya, domin gobe ya tarar da bakin zaren a hannunsa. Shi ma da rijiya ya kwatanta abin, ya ce ba ya kwashe ta ƙaf, yakan bar saura domin ta cika da dare. Mai shafi goman nan kuwa, a dare uku ya kwashe tasa har laka.

Na uku: guga ya hana

Dalili na uku shi ne tsoro, kuma ya fi sauran wuyar ganewa domin yakan zo da rigar hankali. Mutum ya rubuta jimla, wata murya a cikinsa ta ce wannan ai ba ta kai ta Imam ba. Ya soke. Ya sake wata, muryar ta ce mutanen garinku za su gane da wa kake. Ya soke. Wannan tsoro ya daɗe a ƙasar Hausa. East da kansa ya rubuta cewa wahalar da ya fara sha a 1933 ita ce shawo kan malamai su yarda cewa ƙaga labari aiki ne da ya cancanci mai ilmi.

Suna ma yakan zama sarƙa. Ralph Ellison, baƙar fatar Amurka, ya fitar da littafinsa na farko a shekarar 1952, duniya ta yaba. Ya shiga na biyu, gobara ta cinye masa wani sashe a 1967, ya ci gaba da rubutu da sakewa har ya rasu a 1994, ya bar shafi fiye da 2,000 ba tare da ya ce ya gama ba. Wannan ruwa ne maƙil a rijiya, guga ya hana.

Maganin farko shi ne a raba aiki biyu da ba sa zama a sa'a ɗaya, watau zubawa da tacewa. Ana cewa Zuhairu ɗan Abi Sulma, sha'irin zamanin Jahiliyya, shekara guda yake yi a kan babbar waƙa: wata huɗu yana tsarawa, wata huɗu yana gyara, wata huɗu yana karanta wa amintattunsa. Abin lura shi ne gyara bai shigo ba sai da tsarawa ta ƙare. Magini ba ya yaɓe tun yana jera tubali. Saboda haka rubutun farko a bar shi ya fito da ƙazantarsa, kada a soke kome sai an kai ƙarshe, domin babu mai ganinsa sai mai shi.

Magani na biyu shi ne a rage yawan masu kallo. Mutumin da ya kasa rubuta shafi ɗaya na littafi, shi ne kuma zai zauna ya rubuta wa yayansa wasiƙa mai shafi huɗu ba tare da ya ɗaga kai ba. Dalili kuwa, a wasiƙa mutum ɗaya yake gani, a littafi kuwa duniya yake hange. To, ya ɗauki labarin nan ya fara shi da gaisuwa, kamar mai ba wani aboki na gida labari. In ya gama sai ya yanke gaisuwar.

Magani na uku shi ne wa'adi. A shekarar 1830 mai buga littattafan Victor Hugo na Faransa ya matsa masa lamba a kan wani littafi da ya yi alkawari ya kasa cikawa. Matarsa ta ba da labarin cewa ya sayi kwalbar tawada da wani babban mayafin ulu, ya kulle tufafinsa na fita domin kada zuciya ta ja shi waje. Ya fara a watan Satumba, ya gama a watan Janairu na 1831, aka sami littafin nan nasa a kan majami'ar Notre-Dame ta Paris. Ba sai an kulle riga ba. Ya isa mutum uku ko huɗu su yi alkawarin haɗuwa kowace Lahadi bayan La'asar, kowa ya karanta shafi biyu. Kunyar zuwa hannu wofi takan fi ƙarfin tsoron farar takarda.

Idan duniya ce ta juya

Akwai wani shiru da ya fita daga waɗannan uku, wanda ya kamata a girmama shi. Mahfuz ya bayyana cewa zaman jama'ar da ya saba rubutu a kansa ne ya ga ya sauya bayan 1952, sai ya rasa abin faɗi. Achebe kuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ne ya ratsa rayuwarsa. Wanda ya yi rashi, ko aka ƙone masa rumfa, ko ya gudo daga tashin hankali, ba a ce masa ya ajiye agogo ya ƙirga kalmomi.

Amma a duba abin da mutanen nan biyu suka yi. Mahfuz ya koma rubuta labaran silima, hannunsa bai sandare ba, har ya komo da sabon littafi da jaridar Al-Ahram ta riƙa bugawa kashi-kashi a shekarar 1959. Achebe ya koma gajerun waƙoƙi, waɗanda aka tara a 1971, da gajerun labarai a 1972, da littattafan yara. Dogon labari ya gagara, sai suka ɗauki abin da zuciya za ta iya ɗauka. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ita kuwa Emecheta, mijinta ne ya ƙone mata rubutun littafinta na farko. Bayan shekaru ta sake rubuta shi daga ka, ya fito a 1976.

Abin da ke cikin akwati

Saura tambaya ɗaya: don me za a damu da littafin da ke ƙarƙashin tufafin Salla? An kafa unguwar Sabo ta Badun a shekarar 1916. Littafin da duniya ta fi sani a kan Hausawan wannan unguwa, da cinikinsu na goro da shanu, da yadda masu gida ke saukar da baƙi, wani masani ne mai suna Abner Cohen ya rubuta shi da Turanci, bayan ya zauna da su a 1962 da 1963, aka buga a 1969. Ya yi aikinsa, ya kuma cancanci yabo. Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Yadda mutum ke ji ran da Salla ta same shi nesa da gida, yadda uwa ke ji sa'ad da ɗanta ya amsa mata da Yarbanci, yadda ake haɗa kuɗin mayar da mara lafiya gida, yadda maƙwabci da ba a haɗa harshe da shi ba ya zama ɗan'uwa ran wuya, waɗannan sai wanda ya ɗanɗana. Dattawan da suka zo kudu a jirgin ƙasa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana tafiya da nasa. Ƙasa kuma ba ta haɗa kai sai mutanenta sun san labarin juna.

Gaskiya ce Bishr ya ƙare nasiharsa da magana mai ɗaci. Ya ce wanda ya huta, ya komo, ya sake gwadawa, abin ya ƙi, to, ya koma ga sana'ar da ransa ya fi so, babu abin kunya a ciki. Ba kowa ne zai zama mawallafi ba. Amma ko wannan bai rufe ƙofa ba. Baba ta Karo, wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, ba ta rubuta harafi ko ɗaya ba. Ta zauna ne ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙarshen 1949 da farkon 1950, aka buga shi a 1954, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Wanda alƙalaminsa ya ƙi, bakinsa bai ƙi ba. Ya nemi yaro mai saurin hannu, ko ya ɗauki muryarsa a wayar da ke aljihunsa.

Saboda haka abin da ake roƙon kowa shi ne, in ya koma masauki yau, ya buɗe akwatin nan ya ɗauko littafin. Ya karanta shafi goman ba tare da ya soke kome ba. Sa'an nan ya tambayi kansa tsakani da Allah, cikin ukun nan wanne ne nasa. In ruwa ne ya ja ƙasa, ya nemi littafi ya karanta, ya nemi dattijo ya tambaya. In gajiya ce, ya kwanta, ya tashi da asuba. In tsoro ne, ya rubuta sunan amininsa a saman shafi na goma sha ɗaya, ya gaishe shi, ya ci gaba da ba shi labari daga inda ya tsaya.

Allah ya buɗa basira, ya sa albarka a alƙalami, ya mai da kowa gida lafiya.